Idon Kunkuru

Ku da kuke tsayawa a bakin shagon nan kuna cewa gyaran gem a waya ake koyonsa, ba zan yi musu da ku ba. Wayar za ta nuna muku inda noti yake da abin da za a cire. Amma ku zauna kan bencin nan in ba ku labarin wata na'ura da kuka tashi kuka tarar an daina yayinta, wadda ta ciyar da ni shekaru, ta yi mini aure, ta kuma bar ni da abin da har yau ban gama haɗiye shi ba.

Sunana Nasiru, haifaffen Sheshe. Ba da gem na fara ba, da rediyo na fara, a wurin Baba Iro, wani tsohon mai gyara da ke da ɗan shago a Kabara. Aikin farko da ya miƙo mini wata rediyo ce ta wani mai shayi, tana ƙugi kamar mai mura. Na ɗauko sukundireba da zumuɗi, sai ya buge mini hannu.

"Ajiye," ya ce. "Kunna ta tukuna. Me ka ji?"

"Ƙara nake ji, Baba."

"Kowa ma ƙara yake ji, har mai shayin. Wace iri?"

Kwana uku na yi ina sauraron rediyon nan kafin ya bar ni na kwance noti ɗaya. Kayan aikinsa ba su cika kwali ba: ƙarfen dalma da muke ɗorawa kan garwashi in an ɗauke wuta, mita mai allura wadda gilashinta ya tsage, tsohon buroshin haƙori, auduga, kwalbar sifirit, da murafan kwalba da yake zuba noti a ciki. In la'asar ta yi kuwa, ko rediyon wa ke kan tebur, sai ya fita gindin dalbejiya ya zauna dara da tsofaffin unguwa. Ban taɓa ganin an cinye shi sau biyu a jere ba.

Wata rana Alhaji Sidi ya aiko direbansa da wani kwali. Alhaji Sidi ɗan kasuwa ne mai shigo da kayan wuta daga waje, kuma wurin Baba Iro yake kawo gyara tun yana saurayi. A cikin kwalin akwai wata na'ura ruwan toka, bayanta ya yi tudu, da murfi a sama inda ake sa faifai. Saboda tudun nan ne daga baya yaran gari suka sa mata Kunkuru, sunan ya bi ta har aka manta na ainihi. Baba Iro ya juya ta, ya shinshina bayanta, ya turo mini.

"An jona ta kai tsaye, wutarmu ta fi ƙarfinta. Ni na tsufa da koyon sabon abu. Buɗe ka gani."

Fiyus ne ya ƙone, da wani ɗan kwandansa, ƙaramin abin nan mai tara wuta, kusa da shi. Na canza su, muka jona da wani talabijin da aka kawo gyara. Da hoton ya fito, 'yan ƙwallo suna gudu a fili kamar mutanen gaske, mai sharhi yana ihu, sai na ga masu dara sun bar wasansu sun cika ƙofar shago. Tun daga ranar duk Kunkurun da ya ƙi tashi a kantin Alhaji wurina ake kawo shi. Shekara ba ta zagayo ba Baba Iro ya sallame ni da addu'a, na kama shago a Ƙofar Ruwa.

Ba ku ga yadda abin nan ya karɓu ba. Kafin shi akwai gem, masu kaset, amma na 'ya'yan masu hali ne. Kunkuru kuwa har lungun da mota ba ta shiga ya shiga. Duk zauren da ba a amfani da shi sai a sa benci biyu, talabijin uku, ƙaramin janareta, a rataya labule, ya zama gidan gem. Tela ya matsar da kekensa ya sa Kunkuru a gefe. Mai aski ma haka. Kaya ba sa kwana a wurin Alhaji Sidi; tun suna hanya an gama rabonsu. In Sallah ta matso, layin masu jiran gyara a shagona har bakin titi, kowa rungume da nasa kamar mai kai jariri asibiti.

Akwai wanda wata Hajiya ta kawo daga Sheshe, a naɗe cikin zani, ta ce jikokinta sun ce aljanu ne suka shiga, don yana kunna kansa ya kashe. Da na buɗe, kyankyasai ne suka yi gida a kan allon ciki saboda ɗumi. Akwai wanda ya sha kunu, akwai wanda aka jefi ɗan'uwa da shi a kan an ci mutum ƙwallo. Amma ciwon Kunkuru na gaske ido ne, ɗan gilashin nan da ke ƙarƙashin murfi mai karanta faifai. In yana da lafiya za ka ji siririn sauti, zuuu, sau ɗaya, ya kama. In ya fara gajiya sai ka ji ƙyas-ƙyas-ƙyas, yana nema yana rasawa. Masu gidan gem sukan kifa na'urar don ta ƙara musu kwana biyu. Ni kuwa da an kunna nake cewa, "Ido ne, ajiye a can."

Sai kuma cif. Faifan asali tsada gare shi, don haka aka fito da wani ɗan abu mai kama da ƙwaro, mai ƙafa takwas, da ake liƙawa a allon ciki da siraran wayoyi, na'ura ta riƙa karɓar faifan kwafi. Aiki ne na hannun da ba ya rawa: dalma ta ɗiga gefe kaɗan, ka kashe wa mutum kayansa. Shi ya sa Kunkuru ya yi kasuwa a garin nan, ba na ɓoyewa. Kuma duk da kasuwar nan, abu biyu kawai ake yi da shi, wasan ƙwallo da wasan faɗa. Ka shiga gidan gem goma, ƙwallo da faɗa. Ni da nake buɗe cikinsa kullum ban taɓa tambayar kaina ko zai iya wani abu ba, sai da Malam Munir ya zo.

Malam Munir malamin lissafi ne a wata sakandare, dogo, fari, daga gidajen Larabawan nan da kakanninsu suka zo fatauci suka zauna cikin gari. Ya zo da sabon Kunkuru, babu abin da ya same shi. Ya ɗora a tebur, ya juyo bayansa, ya ɓalle wani ɗan murfi da farce. A ƙarƙashi akwai wata kafa mai haƙora da yawa a jere.

"Malam Nasiru, wannan ta mece ce?"

"Ba ta komai ba ce, Malam. Haka suke zuwa."

"Anya? Kamfani zai kashe kuɗi ya yi abin da ba shi da aiki?"

Ya fito da wasu takardu da wani abokinsa ya aiko masa daga waje. Ashe masu na'urar sun yi kafar ne don a jona ƙarin ƙwaƙwalwa, da allon rubutu irin na kwamfuta, har da layin tarho. Sai na'urar ta yi ta sayuwa a yadda take, ba a ƙara waiwayar zancen ba.

"Abin nan kwamfuta ce sukutum," in ji shi. "Makarantarmu kwamfuta biyu gare ta, ɗaya ba ta tashi. Wannan kuwa kowane lungu akwai shi. Yaran da ke gudun ajina suna zaune gabansa tun safe. In na iya sa shi ya yi Hausa, ai na bi su har inda suke."

"To ni me zan yi, Malam?"

"Rubutun umarnin da zai bi na iya. Hannu ne ba ni da shi."

Da dara ya ce zai fara, don in na'ura ta iya dara mutanen garin nan za su yarda tana da hankali, daga nan sai a shiga lissafi da karatu. Ni na kai shi wurin Baba Iro. Duk yammacin Alhamis sai ya zauna gindin dalbejiya da littafi, tsofaffi suna wasa yana rubuta inda kowa ya ajiye tsinkensa, yana tambayar dalili. Suna yi masa dariya suna ba shi amsa. Ni kuma aikina ƙwaƙwalwar. Da yake ba a sayar da ita, sai na ciro wasu ƙwayoyi daga matacciyar kwamfuta na haɗa su da kafar ta ciki, waya bayan waya, kowace da kaɗan ta fi gashi kauri. Allo biyu na ƙona kafin na uku ya yi. Damina guda aikin ya ci. A duk Kano Kunkuru ɗaya ne ke da wannan haɗin, kuma faifan da Malam Munir ya zuba darar a ciki ba ya tashi a kan wani sai shi.

Ranar da ya fara aiki a shagona ne, da hantsi. Gurabe talatin suka fito a talabijin, launin ƙasa, ga tsinke ga dutse. Sai wata murya ta ce, "Bismillah, ajiye naka." Muryar Baba Iro ce, Malam ya ɗauka da rakoda. Shekaru ina jin na'urar nan tana Turanci da wasu yarukan da ban sani ba. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Ta cinye ni sau uku kafin azahar. In ka yi wauta har cewa take, "Kai, sake dubawa dai."

Malam Munir ya je ya sami Alhaji Sidi. Buƙatarsa Alhaji ya sa a buga faifan a waje, a kuma ƙera ƙwaƙwalwar a ɗan akwati da kowa zai soka a bayan nasa. Alhaji ya ce shi ba ya sa hannu a abin da bai gani ba, a kawo gidansa Asabar ta sama bayan la'asar. Ranar Litinin Malam ya kawo mini na'urar, ya ce in share ta in duba wayoyin, kada a ji kunya.

Wannan kuwa ya faɗo a shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata. An fara jin labarin sabuwar na'ura ta fito a waje, idon Kunkuru na asali ya ɓace a kasuwa. Sai wani ido ya shigo, kwalinsa iri ɗaya, rubutunsa iri ɗaya. Na saya da yawa na sa wa mutane. Ashe jabu ne. Yana karantawa lafiya in na'ura da sanyi. Ta ɗau zafi kaɗan, sai ya fara ƙyas-ƙyas, hoto ya daskare. Cikin wata guda kayan da na gyara suka riƙa dawowa. Masu gaishe ni da Oga suka koma tsayawa a bakin titi suna kiran sunana gatsal. Wani ya ce a gaban jama'a ina cire na kirki ina sa na banza. A lokacin ƙarya yake yi mini.

Ranar Laraba Sani ya zo. Sani ke da gidan gem mafi girma a Ƙofar Ruwa, kuma bakinsa ake ji. Inda ya kai gyara nan sauran ke kaiwa. Ya dire Kunkuru a teburina har noti suka yi tsalle.

"Sau uku ke nan, Nasiru. Gasa gare mu ranar Juma'a, unguwa da unguwa, an riga an gaya wa kowa. In ba ka da ido na gaske ka faɗa mini in san inda zan nufa, in kuma gaya wa sauran."

"Ka ba ni zuwa gobe."

"Wancan karon ma goben ka ce."

Ya fita. Na duba shagon kaf, idon asali ɗaya ne ya rage a ciki, shi ne na Kunkurun Malam Munir, wanda bai taɓa shan wahalar gidan gem ba. Na ce a raina aro zan yi: Sani ya yi gasarsa Juma'a, in karɓo Asabar da safe in mayar. Noti huɗu ne da 'yar waya mai faɗi. Ban yi minti goma ba. Na sa jabun a na Malam, na gwada darar, ta tashi, muryar ta yi magana. Na kashe da sauri, don na san abin da zai faru in na bar ta ta yi zafi.

Asabar da safe na je wurin Sani, aka ce ba a gama gasar ba, an tafi da na'urar wata unguwa can bayan gari, sai Lahadi. Na bi sawu ban same su ba. Da na dawo Malam Munir yana bakin shago cikin farar shadda, yana jirana. Nan ne ya kamata in faɗa masa. Da an ɗaga zuwa wani satin, shi ke nan. Sai na ji bakina yana cewa, "Komai lafiya, Malam."

A zauren Alhaji Sidi aka shimfiɗa darduma, aka fito da babban talabijin. Akwai abokan kasuwancinsa uku, da Baba Iro, wanda aka gayyato ya kara da na'urar. Na jona wayoyi, na ja ta kusa da ƙofa inda iska ke shigowa. Da muryar ta ce, "Bismillah, ajiye naka," zauren ya kaure da dariya, Alhaji yana nuna Baba Iro yana cewa, "Yau kai da kanka za ka yi." Baba bai iya riƙe hannun gem ba, sai yana faɗa ina dannawa. Aka gama ajiya, aka fara tafiya. Na'urar ta jera uku ta ci masa tsinke ɗaya. Baba ya gyara zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Alhaji ya daina dariya, ya matso.

"Malam," ya ce, "wannan in an buga, a ina da ina..."

Bai ƙarasa ba na ji ta. Ƙyas. Ƙyas-ƙyas. Muryar ta fara cewa, "Kai, sake..." ta maƙale a nan, sake, sake, sake, hoton ya daskare.

Malam Munir ya kashe ya kunna. Ta tashi, ta yi tafiya biyu, ta tsaya. Ya goge faifan da gefen rigarsa, ya sa wani da ya zo da shi. Wannan karon ko guraben ba su fito ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Malam Nasiru, ko wayoyin ne?"

"Na duba su, Malam, lafiyarsu ƙalau," na ce. Kuma gaskiya ne, wayoyin lafiyarsu ƙalau.

"To daga wajena ne," ya ce a hankali. "Akwai inda na yi kuskure a rubutun."

Alhaji mutum ne mai kara. Ya ce ai haka sabon abu yake, a je a gyara a dawo. Aka kawo lemo. Amma da na ga ya juya ya shiga zancen sabuwar na'urar da abokansa, na san an wuce wurin.

Malam Munir ya hau babur da kayansa a cinya, ni da Baba Iro muka taka. Sai da muka kusa Kabara Baba ya yi magana.

"Idon nan ba nasa ba ne."

Na ci gaba da takawa.

"Ni na koya maka sauraro, Nasiru. Kana tsammani na kurumce? Ban tona ka a gaban Alhaji ba don kai ɗana ne. Amma mutumin nan zai je ya hana kansa sukuni yana neman laifin da ba nasa ba. Ka je ka faɗa masa, yau."

"Zan je, Baba. Bari in karɓo idon tukuna, in je da shi a hannu."

"Ka je da bakinka. Ido ya biyo baya."

Ban je ba. Da na'urar Sani ta dawo, ya ce ba mai taɓa masa ita tunda ta yi daidai. Na ce to bari in samo wani. Na zaga kasuwa, na aika Legas, babu. Sati ya zama wata. Malam Munir yakan biyo ta shagona da yamma, idanunsa sun faɗa, ya ce, "Na sake rubuta ɓangaren muryar gaba ɗaya, har yanzu tana tsayawa. Abin da ke ɗaure mini kai, ba a wuri ɗaya take tsayawa ba." Ni kuwa in ce, "Allah ya sa a dace, Malam," ina goge abin da ba ya buƙatar gogewa. Kullum faɗar tana ƙara nauyi fiye da jiya. Baba Iro ya daina zancen, ya kuma daina aiko mini da gyara. Har ya rasu bai ƙara tambayata ba, bai kuma faɗa wa Malam ba. Ya bar mini abina.

Kafin shekara ta ƙare aka yi wa Malam Munir canjin wurin aiki zuwa wata makarantar kwana mai nisa. Sabuwar na'ura ta shigo, ba ta da kafa a baya, ba ta karɓar haɗin hannu irin namu. Alhaji ya koma kanta, gidajen gem suka sauke Kunkuru. Abin da ake layi a kansa ya koma ana kawo mini shi a buhu, 'yan gwangwan suna saye a kilo. A cikin irin buhunan nan na sami idon asali har shida, masu lafiya, lokacin da babu mai nema. Na naɗe ɗaya a auduga na sa a gwangwanin madara. Na koyi gyaran sabuwar, na koyi ta bayanta, na koyi waya. Sana'a ba ta tsaya ba. Amma duk na'urar da ta zo bayan nan a rufe take zuwa, kai dai ka saya ka danna. Kunkuru ne kaɗai ya zo mana a buɗe, yana kowane lungu, kuma mutum ɗaya ne a garin nan ya lura.

Ba na cewa da Alhaji ya buga faifan, da yanzu yaran Kano suna koyon lissafi da Hausa a talabijin. Wataƙila da an buga ɗin, ni zan fara kwafarsa. Wataƙila yaran su ce su ƙwallo suke so. Ban sani ba. Na dai san ba a bar shi ya gwada ba.

Bara waccan na ji Malam Munir ya yi ritaya ya dawo gidansu. Na yi wata biyu ina cewa gobe. Ran nan da safe na ɗauki gwangwanin da jakar kayan aiki na tafi. Na same shi a zaure yana karatu da tabarau mai kauri, gemu ya yi fari fat. Ya gane ni nan take, ya yi murna, ya sa aka kawo shayi. Ban taɓa shayin ba. Na faɗa masa duka, tun daga zuwan Sani har maganar Baba Iro, ban rage komai ba.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Wata bakwai," ya ce. "Wata bakwai na yi ina bin rubutun nan layi-layi. A can makarantar ma na ci gaba. Daga ƙarshe na ce wa kaina, Munir, kai malamin aji ne, ka tsaya a allo. Ban ƙara rubuta komai ba tun daga nan."

"Ka yafe mini, Malam."

"Da ka faɗa mini a ranar, da sati ɗaya kawai za mu ƙara."

"Haka ne."

"Haka ne," ya maimaita. Ya tashi ya shiga cikin gida. Na ɗauka tafiyar ke nan, na fara haɗa jakata. Sai ga shi da kwali ɗaure da igiya. Kunkurun ne, ya yi rawaya don tsufa, faifan na ciki.

A nan zauren na kwance shi. Wayoyina na nan yadda na liƙa su, ko ɗaya ba ta saki ba. Na canza kwandansa biyu da suka kumbura, na cire jabun, na sa na asalin. Sai da aka aro tsohon talabijin a maƙwabta, don na gidan ba ya karɓar irin wayarsa. Na kunna, idon ya kama tashi ɗaya, gurabe suka fito.

Malam ya karɓi hannun gem ɗin. Ba don ya ci yake wasan ba, so yake ya ga inda za ta tsaya. Ya yi wasa ɗaya har ƙarshe, ta cinye shi. Aka kira azahar, muka bar ta a kunne muka je masallaci. Da muka dawo ya ɗora tafinsa a bayanta, ya ji ta yi zafi sosai, ya sake zama. Ta cinye shi na biyu, ya ci na uku da ƙyar, ta rama a na huɗu. Ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.

Wajen la'asar ya ajiye hannun a kan tabarma. Bai dube ni ba, talabijin yake kallo.

"Ashe babu kuskure," ya ce.

"Babu, Malam. Tun farko babu."

"Na yafe maka, Malam Nasiru, don Allah. Amma ka tashi ka tafi yanzu. Ina so in zauna da abina."

Na kwashe kayan aikina na fito. Ina saka takalmi a bakin zaure na ji ya danna sabon wasa.